Da Can da Yanzu: Yadda Ake Aiki da "Used To" a Turanci

 Jama'a masu sauraro, ga mu a filinmu na koyon Turanci. Ina gaida ɗalibai da malamansu, da 'yan kasuwar da suka jingina rediyo a bakin rumfa, da direbobin da ke kan hanya, da iyayenmu mata da ke saurare suna aikin gida. Wanda yake da biro da takarda a kusa ya jawo su, domin yau akwai abin rubutawa.

Kalmomi biyu kacal za mu ɗauka yau, kuma gajeru ne: "used to". Ga yadda ake rubuta su: U, S, E, D, sai a bar ɗan fili, sai T, O. Duk wanda ya zauna a ajin sakandare ya san su, har wanda bai yi nisa a boko ba yana jin su a bakin mutane. Abin da ya sa na ware musu shiri guda shi ne, a cikin kurakuran da muke yi a Turanci, wannan yana cikin 'yan ƙalilan da ke sa mutum ya faɗi kishiyar abin da ke zuciyarsa. Idan ka ce "he go" maimakon "he goes", an san ka yi kuskure, amma an gane nufinka. Idan kuwa ka sa "used to" inda ba muhallinsa ba, jimlarka za ta fito tsaf, ba wanda zai ga aibunta, sai dai mai sauraronka ya tafi da labarin da ba shi ka ba shi ba.

Ku saurari wannan. A ce wani bawan Allah yana hira da baƙo Bature, yana so ya nuna masa cewa shi mai kiyaye salla ne. Sai ya ce: "I used to pray five times a day." A ransa, abin da ya faɗa shi ne, nakan yi salla sau biyar a rana. Abin da ya shiga kunnen baƙon kuwa shi ne, da can ina yin salla sau biyar a rana, amma yanzu na bari. Mutum ya yi wa kansa shaidar barin salla da bakinsa, bai sani ba.

Ko kuma mai hawan jini ya je gaban likitan da bai san irin Turancinmu ba. Likita ya tambaye shi maganin da aka rubuta masa, sai ya ce: "I used to take it every morning." Yana nufin kullum da safe yana sha. Likita kuwa zai rubuta a takarda cewa mara lafiya ya daina shan magani, kuma a kan wannan fahimta zai yanke shawarar abin da zai ba shi. A nan maganar ta wuce ta cin jarrabawa, ta zama ta lafiyar mutum.

To, mene ne ainihin ma'anar "used to"? Saƙo biyu yake ɗauke da su a lokaci guda. Yana cewa abu ya daɗe ana yinsa a baya, ko an yi ta maimaita shi, ko wani hali ne da aka zauna a cikinsa. Sannan yana cewa abin ya wuce, yanzu ba haka ake ba. Wannan saƙo na biyu shi ne muke mancewa. Bahaushe yana da kalmarsa da ke yin wannan aiki daidai wa daida, wato "da", mai jan wasali, ta cikin "da can" ko "a da". Idan dattijo ya ce, "Da ina da shanu," ba sai ka tambaye shi ina shanun suke ba, ka riga ka san babu su. To duk inda ka ji "used to", ka sa "da can" a zuciyarka. Bayansa kuma aikatau ne yake biyowa tsurarsa, ba ɗafi ba ƙari: "used to go", "used to eat", "used to live". Kuma ba ya canza kama, ko ni ne, ko ita ce, ko su ne: "I used to", "she used to", "they used to".

Hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan ita ce a gwada shi a kan abubuwan da kowa ya san sun canza. Tarihinmu cike yake da su.

"Lagos used to be the capital of Nigeria." Da can Legas ce babban birnin Nijeriya. Gaskiya ne, har zuwa 12 ga Disamba 1991, ranar da gwamnati ta tare a Abuja.

"Nigerians used to drive on the left." Da can a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, irin na Ingila, har zuwa watan Afrilu na 1972 da aka koma hannun dama. Tsofaffin direbobi da ke saurarenmu ba za su manta da wannan sauyi ba.

"We used to spend pounds and shillings." Da fam da sule muke kashewa, kafin naira da kwabo su shigo a ranar 1 ga Janairu 1973.

'Yan'uwanmu na Nijar, ga taku: "Zinder used to be the capital of Niger." Da can Damagaram ce hedikwatar ƙasar a zamanin Faransa, sai a 1926 aka mayar da ita Yamai. Ku da kuka yi karatu da Faransanci, wannan aikin shi ne wanda "imparfait" yake yi muku idan kuna ba da labarin abin da aka saba yi a da.

Akwai kuma wata siga mai amfani ƙwarai, "there used to be", wato da can akwai. "There used to be groundnut pyramids in Kano." Da can akwai dalar gyaɗa a Kano. Yaron da aka haifa yanzu sai dai ya gan ta a hoto. Ku lura da duk waɗannan jimloli, kowace a cikinsu tana nuna abin da ya kau. Ba wanda zai ce "Abuja used to be the capital", domin har gobe ita ce.

Yanzu bari mu nemo tushen kuskuren, don wanda ya san inda ciwo yake shi ne yake samun maganinsa. Ni a ganina ba rashin ƙoƙari ba ne, kuma ba rashin basira ba ne. Hausa ce take da wani abu mai kyau wanda Turanci ba shi da irinsa. Muna da "kan": nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan. Malaman nahawun Hausa suna kiransa lokaci sabau, wato sigar abin da aka saba yi. "Nakan je gona da asuba." "Takan yi fura ranar kasuwa." Wannan "kan" ba ruwansa da jiya ko yau, aikinsa kawai ya nuna sabo. Idan kana so ka mayar da shi baya, sai ka sa masa "da" a gaba: "Da nakan je gona da asuba."

To ɗalibi ya shiga aji da wannan "kan" a kansa, sai ya yi ta neman takwaransa a Turanci. Ran da malami ya ce "used to" yana nuna abin da aka saba yi, sai ɗalibi ya ce alhamdu lillahi, na samu. Daga nan sai ya yi lissafi irin na mai hankali: idan "used to" na baya ne saboda harafin D da ke ƙarshensa, to in na cire D ɗin, na sami na yanzu ke nan. Sai ka ji "I use to go to the farm every morning." Lissafin ya yi ma'ana, sai dai Turancin yau bai yarda da shi ba. "Used to" fassarar "da nakan" ce gaba ɗayanta, tare da "da" ɗin. Ba shi da sigar yanzu, ba shi da ta nan gaba. Kuma abin da ya ƙara dagula lamarin, a baki "use to" da "used to" sautinsu ɗaya ne, don haka ko ka cire D a zuciyarka, mai sauraro na baya zai ji.

Yaya ke nan za ka ce "nakan" da Turanci? Abin ya fi yadda kake zato sauƙi. Aikatau kawai za ka faɗa, ba tare da wani ado ba. "I go to the farm every morning." "I pray five times a day." "I take it every morning." "She sells fura on market days." Wannan siga da aka koya mana tun firamare, wadda ake kira "simple present", babban aikinta ke nan, nuna abin da aka saba. Idan kana so ka ƙara mata ƙarfi, sai ka sa "usually", wato galibi, ko "always", kullum, ko "often", sau da yawa. "I usually go to the farm in the morning." Wanda ya riƙe "usually" a matsayin "nakan", ya riƙe "used to" a matsayin "da nakan", ya gama da rabin darasin yau.

Bari in ɗan ratse in faɗi wani abu na tarihi, domin zai kwantar wa wasu da hankali. Kalmar "use" ba 'yar asalin Ingila ba ce. Daga tsohon Faransanci ta shiga Turanci, bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, shi kuma Faransanci ya gaje ta daga Latin. A ƙarnonin baya tana da ma'anar sabawa da yin abu, kuma Turawan wancan lokaci, har zuwa zamanin Shakespeare wanda ya rasu a 1616, suna faɗin ta a sigar yanzu, su ce "they use to" da nufin sukan yi. A hankali wannan siga ta mutu a bakinsu, ta baya kaɗai ta rage. Ashe ɗalibinmu da ya cire D bai ƙirƙiro abin da hankali ba zai ɗauka ba, ya dai zo ne bayan an daina yayin abin da ɗaruruwan shekaru.

Na san akwai masu cewa, ai mu ma muna da namu Turancin, me ya sa sai mun bi na Ingila sau da ƙafa? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ina tare da su a wurare da yawa. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da "okada", da "tokunbo", da "next tomorrow", da "Kannywood" tamu ta nan Kano. Wannan abin alfahari ne. Amma akwai bambanci tsakanin kalmar da baƙo bai sani ba da jimlar da yake zaton ya sani. Idan ka ce "okada", wanda bai gane ba zai tambaye ka, ka yi masa bayani. Idan ka ce "I use to pay my rent on time" ga mai gidan haya a Landan, ba zai tambaye ka komai ba, zai ɗauka ka ce da can kana biya a kan lokaci. Ga kuma masu duba takardun jarrabawar WAEC da NECO, da tambayoyin JAMB, duk da ma'aunin daidaitaccen Turanci suke aiki. Saboda haka hukuncina a nan a fili yake: wannan kam a gyara shi.

(Kiɗan taushi na ɗan lokaci)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filinmu na koyon Turanci, muna kuma magana a kan "used to". Mu zo ga furuci, tunda rediyo gidan kunne ne. Aikatau "use" mai ma'anar amfani da abu, da sautin Z yake ƙarewa: "yuz". Idan ya shuɗe sai ya zama "yuzd". "I used a knife", na yi amfani da wuƙa. Amma "used to" namu na yau da sautin S ake faɗinsa, kuma D da T suna haɗewa su zama ɗaya, sai ka ji kamar "yusta". Ku maimaita bayana: "I yusta live in Zaria." (Ɗan shiru) Madalla. Kada ka wahalar da harshenka wajen fito da D ɗin, masu harshen ma ba sa fito da shi. Amma a rubutu dole ne ya bayyana. Da yawa daga masu barin D a takarda, kunnensu ne ya yaudare su, har da 'ya'yan Turawan kansu.

Sai dai akwai wuri biyu da D yake faɗuwa bisa ƙa'ida, wato wajen korewa da wajen tambaya. Dalili kuwa tsohuwar doka ce da kuka sani: idan "did" ya shigo jimla, shi yake ɗaukar nauyin nuna lokacin baya, aikatau ya koma tsurarsa. Kamar yadda ba a cewa "I didn't went", sai "I didn't go", haka za ka rubuta "I didn't use to", ba D. "I didn't use to drink tea." Da ba na shan shayi, wato yanzu ina sha. Ku lura, a korewa ma saƙon canji yana nan. Tambaya kuma: "Did you use to live in Kaduna?" Da a Kaduna kake zaune? Wanda yake shakkar inda zai sa D da inda zai cire, akwai mafita mai kyau da Turawa suke yawan bi: "never used to". "I never used to drink tea." A nan D yana nan daram, ma'anar kuma ɗaya ce. Za ku iya cin karo da "used not to" a tsofaffin littattafan Ingila. Daidai ne, amma ya tsufa, ku gane shi kawai in kun gan shi.

Akwai iyakoki biyu da ya kamata a kiyaye. "Used to" ba ya shiga abin da aka yi sau ɗaya. Alhajin da ya sauke farali a 2010 ba zai ce "I used to go to Mecca in 2010" ba, sai dai "I went to Mecca in 2010." Haka nan ba ya jituwa da ƙididdigar tsawon lokaci ko yawan sau. Ba a cewa "I used to live in Jos for five years." Ko dai ka ce "I used to live in Jos", ka tsaya nan, ko ka ce "I lived in Jos for five years." Hausa ma haka take: ba ka cewa "Da nakan je Makka sau ɗaya", kunnenka ma ba zai karɓa ba.

Wasu za su tambaya game da "would", domin shi ma yana ba da labarin abin da aka saba yi a da. "Every night our grandmother would tell us stories." Kowane dare kakarmu takan yi mana tatsuniya. Yana da daɗi wajen ba da labari, amma ga aikin da ake maimaitawa kawai yake shiga. Ba ya shiga hali ko mallaka ko zama. Za ka ce "I used to have a bicycle", da ina da keke, amma in ka ce "I would have a bicycle" ka koma wata magana dabam. Mai koyo ya riƙe "used to", domin yana aiki a duka biyun.

Yanzu ga inda nake so kowa ya kasa kunne sosai. "Used to" yana da ɗan'uwa wanda suke kama kamar Hassan da Husaini, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Ku saurari jimlolin nan biyu. "I used to eat tuwo." "I am used to eating tuwo." Ta farko: da can ina cin tuwo, yanzu na daina. Ta biyu: na saba da cin tuwo, ba baƙona ba ne. Ɗan ƙaramin "am" ɗin nan da ya shigo gaba shi ya juya maganar. Galibi idan ka ga "am", ko "is", ko "are", ko "was", ko "were" kafin "used to", to an bar zancen da can, an koma zancen sabo. "She is used to the cold in Jos." Ta saba da sanyin Jos. "Farmers are used to hard work." Manoma sun saba da aikin wahala. "I am not used to this food." Ban saba da wannan abinci ba.

Abin da yake ba ɗalibai wuya a nan shi ne abin da ke biyo baya. Sai ka ji "I am used to eat tuwo", wanda kuskure ne. Dole a ce "eating", da I, N, G a ƙarshe. Me ya sa? A nan Hausa za ta taimake mu fiye da kowane littafin nahawu. Yaya kake faɗa da Hausa? "Na saba da cin tuwo." Ba ka cewa "na saba da na ci tuwo". Bayan "saba da", suna ne yake zuwa: na saba da zafi, na saba da Musa, na saba da gari. In kuma aiki ne, sai ka mayar da shi suna: ci, sha, tafiya, karatu, tashi. To "to" na cikin "am used to" shi ne "da" na cikin "saba da", shi ma suna yake nema. Hanyar da Turanci yake mayar da aiki suna kuwa ita ce ya liƙa masa I, N, G: "eating", "drinking", "walking", "reading". "I am used to waking up early." Na saba da tashi da wuri. Duk ɗalibin da ya gane wannan ta hanyar harshensa, ba zai sake buƙatar haddace doka ba. Shi ya sa kullum nake roƙon malaman Turanci da su daina ɗaukar Hausa a matsayin abokiyar gaba a cikin aji. Yaro yana zuwa makaranta da cikakken nahawu a kansa, a yi gini a kai.

Shi wannan na sabo yana tafiya kowane lokaci, ba kamar ɗan'uwansa da ya maƙale a baya ba. Kuma idan ana maganar shiga cikin sabon ne, wato ana kan sabawa, sai a sa "get". Ku ɗauki matashin da aka turo daga Kudu zuwa Sakkwato don yi wa ƙasa hidima, a tsarin nan da aka kafa a 1973. Ya sauka a watan Afrilu, zafi ya dame shi. Me za ka ce masa? "You will get used to it." Za ka saba. Bayan 'yan makonni shi da kansa zai ce, "I am getting used to it", ina sabawa. Ran da zai tafi kuma ya ce, "I got used to it", na saba daga baya. Wannan jimla ta "you will get used to it" tana cikin waɗanda suka fi yawo a bakin masu Turanci, ana faɗa wa sabon ma'aikaci, da amarya, da ɗalibin da aka kai makarantar kwana. Ku haddace ta yadda take.

Saura guda, ba zan daɗe a kansa ba. Wani lokaci za ka ga "is used to" amma ba sabo ake nufi ba, amfani ake nufi. "A hoe is used to weed the farm." Ana amfani da fartanya wajen nome gona. Za ka gane shi ta hanya biyu: da sautin Z ake faɗinsa, "yuzd", kuma aikatau tsura ne yake biyo shi. Hankali ma zai gaya maka, fartanya ba ta sabo. Daga wannan ma'ana ta amfani ne aka sami "used car", motar da aka riga aka hau, irin wadda muke kira 'yar Kwatano, da "fairly used" da kuke gani a allunan masu sayar da wayoyi da kayan gwanjo.

To, a ɗauki biro. Zan faɗi jimla da Hausa, in yi shiru kaɗan, kai kuma ka mayar da ita Turanci kafin in ba da amsa.

Nakan je Kasuwar Kurmi ranar Asabar. (Ɗan shiru) "I usually go to Kurmi Market on Saturdays." Wanda ya sa "use to" a nan ya soke shi.

Da mahaifina yana noman auduga. (Ɗan shiru) "My father used to grow cotton."

Na saba da tuƙin dare. (Ɗan shiru) "I am used to driving at night." Ka duba ko ka sa I, N, G.

Da ba ta jin Turanci. (Ɗan shiru) "She didn't use to understand English." Babu D, saboda "did" ya shigo.

Za ku saba da sabon malamin. (Ɗan shiru) "You will get used to the new teacher."

Ana amfani da turmi wajen daka hatsi. (Ɗan shiru) "A mortar is used to pound grain."

Wanda ya ci huɗu zuwa sama, hannunsa ya fara faɗawa. Wanda bai kai ba kada ya karaya, abin da baki ya daɗe yana faɗa ba ya gyaruwa a zama ɗaya, sai an yi ta bita.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Ka sami dattijo ko dattijuwa a gidanku ko unguwarku, ka tambaye su abubuwa biyar da ake yi a garinku a da waɗanda yanzu aka bari, ko a kasuwa, ko a gona, ko wajen biki. Ka rubuta kowanne da "used to". Sannan ka rubuta abubuwa biyar da kai kake yi kullum, ba tare da "use to" ko ɗaya ba. Ka kai wa malaminka ko wani wanda ka amince da Turancinsa ya duba maka. Malamai kuma, don Allah idan yara suka kawo muku, ku karɓa ku duba musu.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, idan Allah ya kai mu.